Selil ɗin MC da taransfo: 1:10 zan ɗauka ko 1:30?

Wani ƙanena daga Sabon Gari ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice. Ya gaji garmahon babansa, Technics SL-1200, tare da tsohon amfili mai ƙofar phono, inda ake jona garmaho, ta selil irin MM kaɗai. Wani ɗan'uwansu ya kawo masa selil Denon DL-103 irin MC daga Faransa, wato ɗan akwatin nan da ke riƙe da allura, ya ɗaura, sai sauti ya fito can ƙasa-ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya, in ya murɗa bolim har ƙarshe kuma shuuu ya cika ɗaki. An ce masa taransfo zai nema. Ya samu biyu a hannun wani mai sayarwa, ɗaya 1:10 ɗaya 1:30, wato mai ninka bolt sau 10 da mai ninka shi sau 30, mai kayan kuma yana tura shi ga 1:30, wai ya fi ƙarfi, kuma wai om ɗinsa, wato ma'aunin juriya ga kuran, ya fi kusa da om 40 na selil ɗin. Wanne zai ɗauka?

To ƙanena, 1:10 za ka ɗauka. In kana sauri ka tsaya nan ka je ka biya. Amma da ka zauna mun yi lissafin tare, don gobe in ka canza selil ba sai ka sake nemana ba, kuma maganar nan ta "om ya yi daidai da om" ta ci kuɗin mutane da yawa, har da ni a farkon shigata wannan harka.

Da farko selil ɗinka lafiyarsa ƙalau, amfilin ma haka. A cikin kowane selil akwai maganaɗisu da bobin, wato naɗin siririyar waya, allura ta bi layin faifai ta motsa ɗaya daga cikinsu sai ɗan kuran ya fito. A MM maganaɗisun ne ke manne da sandar allura yana rawa, bobin na zaune wuri ɗaya, saboda haka ana iya yi masa naɗi mai yawa, sai ya ba da milibolt 3 zuwa 5. A MC kuwa bobin ɗin ne kan sandar allura, dole ya zama marar nauyi, naɗin ƴan kaɗan ne, shi ya sa DL-103 milibolt 0.3 kawai yake bayarwa, a awon da ake yi da ƙara ta 1 kHz da gudun allura santimita 5 a daƙiƙa. Ƙofar MM ta amfilinka tana ninka abin da aka ba ta kamar sau 100, wato desibel 40, sannan ta gyara lanƙwasar RIAA da aka tsayar tun 1954, ta ɗaga kaurin sauti ta rage tsininsa kamar yadda aka yi akasinsa lokacin yanka faifan. Ka ba ta milibolt 4 ta fitar da 400, lafiya lau. Kai kuma 0.3 ka ba ta, ta fitar da 30. Shi ne ka murɗa bolim har ƙarshe, kuma shuuu ɗin da kake ji na amfilin ne kansa, dama yana nan tun zamanin babanka, selil ɗin MM ne ke danne shi ba a ji.

Aikin taransfo shi ne ya ɗaga wannan 0.3 kafin ya shiga amfili. Ba a jona shi da wuta, babu taranzisto ciki, waya ce kawai naɗe a kan ƙarfe, naɗi kaɗan a gefen selil, naɗi mai yawa a gefen amfili. Shi ya sa ba ya kawo nasa shuuu sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma ka riƙe wannan da kyau: taransfo ɗan canji ne. Ka kai sefa wurin ƴan canji a ba ka naira, takardu sun ƙaru a hannunka amma dukiyarka ba ta ƙaru ba, har ma an cire ɗan la'ada. Haka shi ma, in ya ninka bolt sau 10, ya raba kuran gida 10. Kuma abin da ya fi shafarmu, nauyin da ke rataye a gefen amfili, selil yana jin sa ne an raba shi da lambar taransfo sau kanta.

Ga yadda abin yake. Kusan kowace ƙofar MM a duniya om 47,000 ce. Da taransfo 1:10, ka ninka 10 sau 10, 100 ke nan, ka raba 47,000 gida 100, selil zai ga om 470. Da 1:20, 400 ne, selil zai ga om 117 da ɗoriya. Da 1:30, 900 ne, om 52. Da 1:40, 1,600 ne, om 29. Ka ga inda mai kayanka ya samo maganarsa, 52 ya fi kusa da 40 a kan 470, sai ya ga kamar an yi aure mai kyau.

To ga inda aka yi kuskuren. Om 40 ɗin nan na DL-103 juriyar wayar bobin ɗinsa ce, tana cikin selil, kuma duk kuran da zai fita sai ya ratsa ta. Boltin da selil ya haifa ana raba shi ne tsakanin wannan om 40 na ciki da nauyin da ke waje, kowa gwargwadon girmansa, kamar rabon riba tsakanin masu jari biyu. Abin da ya faɗa hannun na ciki ya tafi ke nan, ba ya isa amfili. Da 1:10, na waje 470 ne na ciki 40, na waje ya kwashe kashi 92 cikin 100, sai ka yi 0.3 sau 10 sau 0.92, ka samu milibolt 2.8. Da 1:20 na waje ya samu kashi 75 kawai, sakamako milibolt 4.5, ba 6 da kake tsammani ba. Da 1:30 kashi 57, milibolt 5.1, alhali a takarda 9 ya kamata. Yanzu dubi abin dariya, da 1:40 kashi 42 ne, sakamako milibolt 5.1 dai, bai motsa ba. Wato da wannan selil, daga wajen 1:34 duk abin da ka ƙara na naɗi ba ya ƙara maka ko ƙwayar sauti, in ka wuce ma raguwa zai fara yi. Saboda haka "ya fi ƙarfi" ɗin da aka ce maka, tsakanin 2.8 da 5.1 ne, desibel 5 da ƴan kai, ɗan murɗa bolim kaɗan ne, kuma kuɗin da za ka biya a kansa ba na aljihu kaɗai ba ne, zan zo kansa.

Wannan al'ada ta daidaita om da om daga harkar layin tarho da eriya ta fito, inda ake son a kwashe iyakar ƙarfin da za a iya, shi ya sa tsofaffin kayan gidan rediyo yawancinsu om 600 ne shiga da fita. In nauyi ya yi daidai da juriyar ciki, rabin bolt ya tafi, desibel 6 cur. Mu a nan bolt muke so ya isa ƙofar amfili bai jigata ba. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce nauyin da selil zai gani ya ninka juriyarsa ta ciki sau 5 zuwa 10 ko fiye. Denon da kansu a takardar DL-103 cewa suka yi om 100 ko sama. 470 ya ninka 40 kusan sau 12, ya shiga. 117 bai kai sau 3 ba, yana aiki, akwai masu son sa haka don yana ɗan tausasa tsini, ni dai ba na cikinsu sai in amfilin ne rago. 52 kuwa an shaƙe selil.

Abin da ke rikita mutane kuma shi ne rubutun da ke jikin tsofaffin akwatunan Japan. Za ka ga maɓalli an rubuta 3 a gefe ɗaya, 40 a ɗaya gefen, da alamar om. Denon AU-320 haka yake. Wannan rubutu yana nufin "in selil ɗinka na wajen om 40 ne juyo nan", ba yana cewa selil zai ga om 40 ba. In ka duba, gefen 40 ɗin 1:10 ne, wato su kansu masu DL-103 abin da suka haɗa shi da shi ke nan, kuma tun shekarun 1960 da aka ƙera wannan selil don gidan rediyon NHK na Japan har yau ana yin sa bai canza ba. Gefen 3 ɗin ne mai naɗi da yawa, sama da 1:30, don irin su Ortofon SPU na ƙasar Danmak.

Don kar ka ɗauka 1:30 mugun kaya ne, a'a, ba nasa ba ne aka kawo masa. SPU na gargajiya om 2 ne a ciki, milibolt 0.2 yake bayarwa. Sa masa 1:30, ya ga om 52, ninki 26 ke nan, kashi 96 ya wuce, ka samu milibolt 5.8, tsaf kamar an auna masa riga. Shi kuma in ka ba shi 1:10 milibolt 2 za ka samu, ya yi kaɗan. Akwai na tsakiya, misali DL-103R, ƙanen naka, om 14 da milibolt 0.25, ko Audio-Technica AT33PTG/II mai om 10 da milibolt 0.3, waɗannan 1:20 ko 1:15 ya fi zama musu daidai. Ka ga tsarin: selil mai naɗi kaɗan boltinsa kaɗan ne juriyarsa ma kaɗan, yana son taransfo mai ninki babba kuma yana iya ɗaukarsa. Mai naɗi da ɗan yawa irin naka ninki ƙarami yake so. Lambobi biyu kawai za ka nema a takardar kowane selil, milibolt da om na ciki. Ka fara neman ninkin da zai kai ka tsakanin milibolt 2.5 da 5 ko ɗan sama kaɗan, sannan ka raba 47,000 da ninkin sau kansa ka ga ko ya bar wa selil wurin numfashi. In taransfo biyu duk sun shiga, ɗauki mai ƙaramin ninki.

Me ya sa ƙaramin? Ga sauran kuɗin da na ce za ka biya. Canjin nan ta gefe biyu yake aiki. Yadda selil ke ganin amfili ya ƙanƙance, haka amfili ke ganin selil ya kumbura. Om 40 sau 100 ya zama 4,000 da 1:10. Da 1:30 ya zama 36,000. Ita kuma wayar da ta tashi daga taransfo zuwa amfili tana da nata kapasite, kamar ƙaramin kondansatar ne a ɓoye, mita ɗaya ta waya mai kyau kan kai pikofarad 100, ta kasuwa ta fi haka, ƙofar amfilin ma tana da nata 100 zuwa 200 a ciki. Kapasite da babbar juriya in suka haɗu, tsinin sauti suke sha. Na yi maka lissafi: da 1:30 da pikofarad 400 gaba ɗaya, sauti ya riga ya faɗi desibel 3 a wajen 20 kHz, kuma faɗuwar tun ƙasa da nan take farawa. Da 1:10 da wannan waya dai, wurin faɗuwar ya wuce 100 kHz, can inda ko jemage sai ya kasa kunne. Shi ya sa wanda ya sa taransfo mai ninki babba ya kuma ja waya mita biyu zai ce maka sautin ya yi "ɗumi", alhali an rufe shi da bargo ne. Kuge da tafi da kaifin algaita su ne farkon tafiya.

A ƙasa ma akwai magana. Taransfon da aka naɗa don selil mai om 2 ko 3, naɗin gefen shigarsa kaɗan ne, to a ƙara mai kauri wannan naɗi kaɗan ba ya iya tsayawa gaban om 40, sai ya zama kamar gajeriyar hanya kuran ya bi ta nan ya koma. Sakamako ganga ta rasa ciki, gitar bas ta faifan Kwango ta zama siririya. Akasin haka ba ya cutarwa sosai, wato taransfon da aka yi don juriya babba ka sa masa selil mai ƙarama, kaurin ma ƙaruwa yake. Wannan ne ainihin dalilin rubutun 3 da 40 ɗin can.

Akwai kuma cikawa. Milibolt ɗin takarda a gudun santimita 5 aka auna, amma faifai mai zafi, musamman ƙananan nan masu juyi 45, kan ninka haka sau da yawa a wurin da aka buga da ƙarfi, ga kuma tas-tas na ƙura da karce. Tsohon amfili in ka cika masa ƙofa da milibolt 8 ko 10 tun a awon takarda, wurin da mawaƙi ya ɗaga murya sai ka ji ta tsage. Mutane su ce allura ce ta ƙare, su sayi sabuwa, tsagewa na nan.

In ka sa 1:10 ka ga bolim sai ya kai wajen tsakiya ko ya ɗan wuce kafin ya ishe ka, ba laifi ba ne, kar ya dame ka. Abin dubawa shi ne ka ɗaga allura daga faifai a wannan bolim ɗin, ka koma inda kake zama, in ba ka jin shuuu an gama. In har amfilin naka irin masu raunin nan ne da ƙofarsu ba ta wuce desibel 35 ko 36, to nan ne 1:15 ko 1:20 ke da hujja, 1:15 zai ba selil om 209 da milibolt kusan 3.8, ni a ganina nan ne iyakar inda DL-103 ke jin daɗi. Wasu taransfo irin Lundahl LL9226 na Suwidin ana iya ɗaura su 1:5 ko 1:10 ko 1:20 gwargwadon yadda ka haɗa ƙafafunsu, in za ka sa a kawo maka daga waje irin wannan ya fi, selil ya canza ka canza haɗi kawai. Jensen da CineMag na Amurka da Sowter na Ingila su ma suna yi.

Maganar ƙara rezistans, tunda na san za a ce maka. Ana iya rataya rezistans a gefen fita don a rage nauyin da selil ke gani, misali ka sa wani 47,000 kusa da na amfili su zama 23,500, da 1:10 selil ya ga 235. Ragewa kawai ake iyawa ta wannan hanya, ɗagawa sai an buɗe amfili an canza na ciki. Amma ka sani bobin ɗin MC ƙarami ne ƙwarai, shi kansa bai cika damuwa da 235 ko 470 ba a iyakar abin da kunne ke ji. Abin da ke canzawa in ka taɓa rezistans yawanci taransfon ne. Kowane taransfo yana da wurin da yake kaɗawa can sama da 20 kHz, in ba a danne shi da kyau ba sai ya ɗaga tsinin sauti ya yi ƙyalli mai gajiyar da kunne. Yadda ake gani, a sa masa ƙara mai kusurwa huɗu ta 1 kHz ta cikin rezistans mai om 40 a madadin selil, a duba a osiloskop, in kan kusurwar na rawa a danne da rezistans ko rezistans da ƙaramin kondansatar a jere har ta kwanta. Wanda aka ƙera don MC an riga an lissafa shi da om 47,000, saboda haka ka fara saurare haka nan na sati biyu kafin ka ɗauki ƙarfen soda. Na ga mutane sun yi wata guda suna canza rezistans alhali allurarsu ce a karkace.

Yanzu ga abin da zai ba ka wahala da gaske a Damagaram, kuma ba lissafi ba ne: gurnani. Taransfon nan yana aiki da kaso na milibolt, duk wani maganaɗisun da ke yawo a iska daga kayan wuta yana kama shi ya ninka tare da waƙa. Shi ya sa masu kyau ke zuwa cikin gwangwanin mumetal, wani haɗin ƙarfe mai nikel da yawa da ke shanye wannan. Amma ko mumetal yana da iyaka. Wutarmu 220 ce mai 50 Hz, kuma kowa ya san yadda take hawa da sauka, shi ya sa kusan duk mai kayan sauti yana da stabilizata a ƙarƙashin tebur, ita kuwa ƙaton taransfo ce tsirara. Wani bawan Allah a Birni ya taɓa kawo min nasa yana cewa ya lalace, na gwada a shago shiru kamar masallaci bayan isha'i, ya mayar gida gurnani ya dawo. Sau biyu muna haka, har na buɗe akwatin na sake sodar duk ƙafafun a banza, sai a na uku na hau kabu-kabu na bi shi gida. Ashe akwatin a kan katako yake, stabilizata na ƙasan katakon daidai, tsakaninsu bai kai taƙi ɗaya ba. Muka matsar da ita kamu biyu, magana ta ƙare, muka sha shayi. Laifina ne da ban tambaya tun farko ba.

Ga yadda za ka rarrabe. In gurnanin mai kauri ne mai santsi, huuum, kuma ka ɗaga akwatin ka juya shi a hannu ka ji yana ƙaruwa yana raguwa, to maganaɗisu ne, magani nisa da juyi. Ka nisanta shi da stabilizata, da gefen amfilin da nasa taransfon wuta yake, da motar garmaho, da ondilar in kana da pano, ka juya shi sannu-sannu har ka sami inda ya yi shiru ka bar shi nan ko da ya zauna a karkace. In kuwa zzzz ne mai kaifi, kuma yana canzawa in ka taɓa hannun garmaho ko jikin amfili, to matsalar mas ce, wato wayar da ke haɗa jikin ƙarfen kayan da juna. Siririyar wayar mas ta garmaho ta tafi kan kusar akwatin taransfo, daga nan wata ta tafi kusar amfili, a jere. In bai yi ba gwada kai ta garmaho kai tsaye ga amfili, akwatin ma da tasa, ɗaya daga cikin biyun kan yi. Gidaje da yawa da na shiga a garin nan pirizinsu babu waya ta uku, saboda haka amfili da garmaho su sha wuta daga ralanj ɗaya, kuma ka cire cajar waya daga wannan ralanj, ƙananan cajojin nan masu arha ba ƙaramin datti suke zubawa a layi ba. Ondila mai arha wadda wutarta ba ta da santsi ita ma zzzz take kawowa, wannan kam babu juyin akwatin da zai yi maganinsa, haka in an tada gurup.

Wayar da ke tsakanin taransfo da amfili ta zama gajera, rabin mita ya isa, mai rufin raga sosai. In dole sai wata ta yi tsawo, gara ta gefen garmaho, don can juriya ƙasa take, kapasite ba ya cin komai.

Abu biyu da ba a yi. Kada ka sa miltimita a ma'aunin om kan ƙafafun taransfon, kuma kada ka bari mai gyara ya sa, don miltimita kuran batir take turawa, ƙarfen ciki kuma an yi shi ne don abu ɗan mitsitsi, yana iya riƙe maganaɗisu ya ɓata sauti. Kan selil ma haka, wayar bobin ta fi gashi siranta, tsohuwar mita mai allura tana iya cutar da ita. In kana son ka tabbatar da ninkin da mai kayan ya faɗa, sa ƙara ta 1 kHz ƴar ƙarama, milibolt kaɗan, ka auna shiga da fita a ma'aunin AC. Na biyu, in wata rana ka sami amfili mai ƙofar MC, ko dai ka shiga MC kai tsaye babu taransfo, ko ka bi ta taransfo ka shiga MM. Taransfo cikin ƙofar MC, ita da take om 100, selil zai ga om 1, ga kuma ninki kan ninki.

Tunda na hannu za ka saya, ka ce a bar ka ka gwada a gidanka kwana ɗaya. Saurari gefen hagu da dama da faifan mono, murya ta tsaya a tsakiya cak, in ta karkata gefe ɗaya akwai naɗin da ya sami matsala ko soda ta saki. Ka ɗan ƙwanƙwasa akwatin da yatsa, bai kamata ka ji shi a bafal ba sosai. In 1:10 ɗin ya zama ba shi da lafiya, kar ka koma ga 1:30 don dai shi ya rage, akwai wata hanya: tsofaffin teburan haɗa sauti na gidajen rediyo da na masu kiɗan biki suna da taransfon makirfo a kowace ƙofa, da yawansu an yi su don om 150 zuwa 200 da ninki wajen 1:7 zuwa 1:10, cikin gwangwaninsu. Guda biyu iri ɗaya daga mataccen tebur suna yi wa DL-103 aiki mai kyau, nawa na farko haka na haɗa shi cikin gwangwanin biskit. Taransfon wuta na tsohuwar rediyo kuwa kar ma ka gwada, ƙarfensa da naɗinsa ba na wannan aiki ba ne. Akwai kuma ƙaramin amfilin MC mai taranzisto, mai kyau a cikinsu ba abin rainawa ba ne, kuma yana ba ka damar zaɓen nauyi yadda kake so, sai dai duk wanda ke shan wutar gida a nan yana shan dattinta, shi ya sa ni na fi karkata ga taransfo.

Wani abu a gefe da ba ka tambaya ba amma zai shafi abin da za ka ji. DL-103 sandarsa tauri gare ta, an yi shi ne don manyan hannuwan gidan rediyo masu nauyi, hannun SL-1200 kuwa matsakaici ne, wajen giram 12. In ka bar shi haka kaurin sauti kan yi ƙaranci, sai ka zargi taransfo. Nemi kan selil mai nauyi, wato abin da ake ɗaura selil a jikinsa a bakin hannun garmaho, ko ka ƙara ɗan ƙarfe na giram 4 ko 5 a kansa, ka sa ƙarin nauyin baya in ma'aunin ya ƙi daidaita, sannan ka ba allura giram 2.5 da Denon suka ce, da sikeli, kar ka rage don tausayin faifai, allura mai sauƙi da ke tsalle cikin layi ita ta fi cin faifai. Kuma in hunturu ya zo, iska ta bushe faifai ya riƙa jan ƙura kamar me, ka share kowane gefe kafin ka sa, allura kuma da ɗan buroshi mai laushi daga baya zuwa gaba kaɗai. Ka tuna allurar MC ba a zare ta a sa wata kamar ta MM, in ta karye selil ɗin gaba ɗaya ne zai koma waje gyara, saboda haka murfin ya zauna a rufe in yara na ɗakin.

Ka turo min sunan amfilin da lambarsa da hoton bayan akwatin 1:10 ɗin, in duba desibel ɗin ƙofar da inda kusar mas take kafin ka ba da kuɗi.